Wace Hanya Ta Fi? Mu Daina Auna Safara Da Kuɗin Mota Kaɗai

Kusan duk lokacin da muka buɗe layi a shirinmu na 'yan kasuwa a gidan rediyo, sai an samu wanda ya bugo da tambaya iri ɗaya. Wani daga babbar kasuwar Sokode, wani daga Dapango, wani daga bakin iyakar Sinkase, kowa cewa yake yi: "Malam, don Allah a gaya mana, yanzu wace hanya ta fi?" Wani kuma ya ce, "Wace mota ta fi a ba ta kaya?" Mukan ji nauyin masu tambayar, domin mun san ba don nishaɗi suke yi ba. Jarin mutum ne na shekara da shekaru yake shirin ɗorawa a bayan mota, wani ma bashi ne ya ciwo, in kayan suka lalace a hanya gidansa ne zai girgiza.

Ra'ayinmu a yau shi ne, ita kanta tambayar tana da gyara. Babu wata hanya guda da ta fi ga kowa da kowa, kuma duk ɗan kamasho ko direban da ya ce maka tasa ta fi ta kowane fanni, to ka sake lale. Amma wannan ba yana nufin a rufe ido a zaɓa ba ne. Akwai hanyar auna zaɓi wadda iyayenmu fatake suka sani a aikace, masu ilimin lissafi kuma suka tsara ta a rubuce, mu ne muka yi sakaci da ita har muka koma auna safara da abu guda tak, wato kuɗin mota.

Bari mu fara da abin da kowa ya gani da idonsa. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, mafi yawan kayan da ke shiga Yamai daga teku ta Kwatano suke bi, su haura Paraku, su tsallaka gadar Malanbil zuwa Gaya, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 1,000. Da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe gadar. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe har cikin shekarar 2025. Sai kaya suka karkato zuwa tashar jiragen ruwa ta Lome, suka biyo babbar hanyarmu mai lamba 1, ta Atakpame, Sokode, Kara, Mango, Dapango, har Sinkase, kusan kilomita 650. Daga nan su shiga Burkina, su jira a haɗa ayari da rakiyar soja ta Kaya da Dori zuwa Tera. Direbobi da dama sun yi makonni suna jiran ayari ya tashi, wasu kuma an kai musu hari a hanya. A ɗaya gefen, masu ƙananan kaya suka riƙa sauke su a bakin kogi a Malanbil, a loda a kwale-kwale, a sake lodawa a mota a Gaya.

To a nan wace hanya ta fi? Ta kogi ta fi kusa, amma ana sauke kaya ana lodawa sau biyu, ana biyan 'yan dako da masu jirgi, ga fargabar kifewa, ga shi ba ta ɗaukar kwantena. Ta Burkina tana ɗaukar babban kaya da takardunsa cikakku, amma tana cin kwanaki, kuma rai na cikin haɗari. Mai buhu 20 na shinkafa da mai kwantenar kayan gini ba za su ba da amsa iri ɗaya ba, kuma kowannensu yana da gaskiya. Haka abin yake ga ɗan kasuwar Sinkase da ke tunanin ko ya sayo kaya ta Lome ko ta Tema. Ta Lome da sefa zai yi komai, sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai, 655.957 a kan yuro guda. Ta Tema sai ya canza zuwa sidi, wadda ta yi mummunar faɗuwa a 2022, ta kuma farfaɗo da ƙarfi a 2025. Wanda ya yi lissafinsa da canjin bara zai iya shan mamaki bana.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Zamanin fataucin Gwanja, ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato zuwa Salaga neman goro yana da zaɓi. Zai iya tsallaka Kwara ya ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, ya biyo ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didawure ta Sokode ta samo asali a matsayin mazaunin 'yan kasuwa Musulmi. Zai kuma iya bi ta arewa, ta ƙasar Gurma zuwa Sansanin Mango, sannan Yendi. Madugu ba ya tambayar wace ta fi gajarta kawai. Yana duba fiton da sarakunan hanya za su karɓa, da ruwa da ciyawar jakuna, da labarin 'yan fashi, da kuma kwanakin da goro zai jure a cikin ganye kafin ya soma lalacewa. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake ba su tsaya kukan tsohuwar hanya ba, sai suka sake lissafi, kasuwa ta koma wurare irin su Kete-Krachi. Abin da madugu ke riƙewa a ka, shi muke so mu dawo da shi kan takarda.

Masu ilimi sun ba wannan lissafi sunan wani masanin tattalin arziki ɗan Italiya, Vilfredo Pareto, wanda ya rayu daga 1848 zuwa 1923. A yau waɗanda suka fi amfani da shi har da masu horar da manhajar kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ke fassara magana ko gane hoto a wayoyinmu. Kafin su horar da manhaja akwai saiti da yawa da za su zaɓa: girmanta, tsawon lokacin horo, saurin da za ta riƙa gyara kuskurenta. Suna son ta yi daidai, suna son ta yi sauri, suna son kada ta cinye batir da wurin ajiya a waya. To amma taura biyu ba ta taunuwa: babbar manhaja ta fi yin daidai amma tana da nauyi, ƙarama tana da sauri amma tana yawan kuskure. Sai su gwada saiti iri-iri, su rubuta sakamakon kowanne ta duk fannonin. Daga nan su yi abu biyu. Na farko, su zubar da duk saitin da aka samu wani ya kai shi ta kowane fanni kuma ya fi shi ta wani. Na biyu, waɗanda suka rage, wato waɗanda ba za ka ƙaru ta nan ba sai ka ragu ta can, su jera su a gaban mai buƙata ya zaɓa gwargwadon aikinsa. Kwamfuta tana iya yin na farko. Na biyu kuwa hukuncin mutum ne.

Mu kawo abin gida da misali. Alƙaluman da za mu ambata na misali ne kawai don a gane, ba farashin tasha ba ne, kowa ya sa nasa. A ce kana da buhunan albasa a Sinkase za ka kai Lome, motoci 4 suna tsaye. Ta farko tana karɓar sefa 1,500 a buhu, amma tana tsayawa neman cikon kaya a Dapango da Mango da Kara, sai ta yi kwana 4. Ta biyu 2,000, kwana 2. Ta uku ƙaramar mota ce mai gudu, 3,000, kwana 1 da rabi. Ta huɗu tsohuwa ce, 1,800, kwana 5.

Matakin farko ba ya buƙatar dogon tunani. Ta huɗu ta faɗi, domin ta farko ta fi ta araha kuma ta riga ta isa. Ba sai ka ɓata yawu wajen ciniki da ita ba. Sauran 3 kuwa babu wadda ta kayar da wata: mai araha tana da jinkiri, mai sauri tana da tsada. A nan ne akasarinmu muke kuskure, sai mu ce a ba mu mai araha, mu tafi muna murna mun rage sefa 500 a buhu.

Ga tambayar da ta kamata: nawa nake sayen kwana guda, kuma nawa kwana guda yake ci mini? Daga mota ta farko zuwa ta biyu, ƙarin sefa 500 ya saya maka kwana 2, wato 250 kowane kwana. Daga ta biyu zuwa ta uku, ƙarin 1,000 ya saya maka rabin kwana kacal, wato kamar 2,000 ke nan a kwana. Ka ga kwanakin farko da araha ake sayensu, na ƙarshen kuwa da tsada. Masu lissafi suna kiran wurin da farashin ya yi wannan tsalle da suna gwiwa, kuma sau da yawa zaɓin da ke kan gwiwar shi ne mai ma'ana. Yanzu ka duba kayanka. In buhun albasa ya kai 25,000 kuma zafin mota yana ruɓar maka da kashi 2 cikin 100 a kwana, to kowane kwana yana ci maka 500 a buhu. Sayen kwana a 250 riba ce, sayensa a 2,000 wauta ce, saboda haka mota ta biyu ce taka. In tumatir ne mai wannan daraja da ke asarar kashi 10 cikin 100 a kwana, kwana guda 2,500 ne, ka ga ta uku ma ta biya kuɗinta. In busasshen wake ne ko masara, waɗanda kwana 2 ba ya yi musu komai, ka hau ta farko ka yi barcinka. Motoci dai su ne, hanya ita ce, amma amsa 3 ta fito, kuma duk daidai ne. Shi ya sa Bahaushe ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, shi ne kuma ya ce da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Bai yi tufka da warwara ba, kowace magana da irin kayanta.

Wani zai ce, in haka ne me ya sa tsohuwar motar nan ta huɗu ba ta rasa kaya a tasha? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana koya mana wani abu. Sau da yawa mai irin wannan mota yakan yarda a biya shi bayan an sayar da kaya. Ga wanda jarinsa duka ya shige cikin buhu, wannan lamuni ba ƙaramin abu ba ne. Da zarar ka ƙara wannan fanni a lissafi, motar da ta faɗi ta tashi, domin yanzu akwai inda ta fi sauran. Darasin shi ne, kafin ka ce wani zaɓi ya faɗi, ka tabbata ka lissafa duk abin da ya dame ka da gaske. Amma kuma a yi hattara. In ka jera fanni 10, har da kyawun fentin mota da garin su direba, babu motar da za ta faɗi, kowace za ta samu inda ta yi fice, ka koma inda ka fito. Masu kwamfuta ma sun san wannan matsala. A ganinmu fanni 4 sun ishi ɗan kasuwa: jimillar kuɗi, yawan kwanaki, asarar kaya, da lokacin biya.

Mun ce jimillar kuɗi, ba kuɗin mota ba. A ciki akwai dako a lodi da sauki, da kuɗin duwan da na mai fitar da takardu, da la'adar ɗan kamasho, da abin da ake bari a shingaye, da abincinka da makwancinka in kana bin kaya. Akwai kuma tarar lodi. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade tan 11.5 a kan gatari guda, da tan 51 ga babbar tirela mai gatari 6. Direban da ya rage maka kuɗi saboda ya yi lodin da ya wuce ƙa'ida, a ma'auni za a tsayar da shi, ko kuma motar ta gaza a hawan tsaunukan Aledjo da Defale, duk da hanyoyin kewaye da aka yi. Arahar da ka samu a tasha sai ka biya ta da kwanaki a gefen titi. Masu kai kaya Burkina da Nijar da Mali kuma su tuna ƙasashen nan 3 sun fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, kuma a watan Maris na shekarar suka sanar da harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ake shigarwa daga waje. A tambayi mai fitar da takardu ko ya shafi irin kayanka kafin a yanke farashi.

Akwai kuma abin da ba ya shiga sikeli ko kaɗan, kuma muna so a ji mu da kyau a nan. Rai ba fanni ba ne da za a ce an rage kaza an ƙara kaza. Tun watan Yunin 2022 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes, bayan harin Kpekpakandi na watan Mayun shekarar wanda ya ci rayukan sojoji 8, kuma an sha sabunta dokar. Duk hanyar da hukuma ta hana bi, ko lokacin da ta hana tafiya, a cire shi daga jerin tun kafin a fara lissafi. Haka ma hanyar daji ta fasa-ƙwauri. A takarda takan fito da araha da sauri, har ta yi kamar ta kayar da kowace hanya, amma ranar da aka kama kaya, ko aka zargi mutum da kai wa 'yan bindiga mai ko babura, ribar tafiya 20 ba ta fanshe shi. Yaron mota da direba su ma 'ya'yan wasu ne. Mai kaya da ke zaune a rumfa yana matsa wa direba ya bi ta inda shi ba zai bi ba, ya ji tsoron Allah.

Mun san abin da wasu dattawanmu za su ce: mun shekara 30 muna wannan safara ba mu taɓa riƙe biro ba, kuma arziki na Allah ne. Gaskiya ne, Alhaji, arziki na Allah ne, kuma ba mu raina abin da ke kanku ba. Sai dai lissafin da ke kai ya ginu ne a kan hanyoyin da suka daɗe ba su canza ba. Ku duba abin da ya faru cikin 'yan shekarun nan: Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta cire tallafin man fetur a Mayun 2023, gadar Gaya ta rufe a shekarar, ga matsalar tsaro a gabashin Burkina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya jerin, zaɓin da ya faɗi jiya ya tashi, na kan gaba ya koma baya. Sannan ƙwaƙwalwa tana da son kai: takan riƙe tafiya guda da aka yi sa'a, ta manta 5 da aka sha wuya. Masu gwada saitin kwamfuta ba sa yarda da gwaji guda, sai sun maimaita, domin sun san sa'a tana iya sa rago ya yi kama da gwani. Direban da ya kai ka Lome a kwana 2 sau ɗaya, amma sauran tafiye-tafiyen kwana 4 ne, direban kwana 4 ne. Wanda kullum kwana 3 yake yi ba ya saɓawa, wataƙila ya fi maka, domin za ka iya yi wa mai saye alkawari.

Saboda haka ga shawararmu ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Sokode, da Camba, da Ketao, da Mango, da Dapango, da Sinkase, da kuma sarakunan zango da shugabannin tasha. A sayi littafi guda a ajiye wurin magatakarda. Duk wanda ya dawo daga tafiya ya ba da abu 5: hanyar da ya bi da watan da ya bi ta, irin kayan, jimillar abin da ya kashe a buhu ko a kwali, kwanakin da ya yi, da abin da ya lalace ko ya ɓata. Ba a buƙatar sunansa, ba a buƙatar nawa ya saya ko nawa ya sayar, don haka sirrin ribar kowa yana nan a rufe. Kada kuma a rubuta ranar tashin ayari ko wurin kwanansa, wannan ba abin yaɗawa ba ne a halin da ake ciki. A ƙarshen kowane wata a zauna, a soke zaɓin da wani ya kayar ta kowane fanni, a karanta wa jama'a waɗanda suka rage. Matasanmu da suka yi makaranta suna riƙe da wayoyi, wannan aiki ne da za su iya cikin sa'a guda, su kuma ji ana damawa da su.

Amfanin ba ga mai kaya kaɗai zai tsaya ba. Direba mai gaskiya da ke karɓar kuɗi da ɗan yawa amma yana isa a kan lokaci, littafin zai fito da shi, ya daina asarar kaya ga mai karya farashi. Ƙungiya kuma in ta je gaban hukumar duwan ko ta sufuri da kuka, ba za ta ce "ana wahalar da mu" kawai ba, za ta ce ga wurin da motocinmu ke kwana, ga yawan kwanakin, ga abin da ya ruɓe. Kuka da lissafi ya fi shiga kunne.

Abu guda muke roƙo: kada a mai da littafin ya zama mai yanke hukunci, a ce ƙungiya ta ce kowa ya bi hanya kaza. In aka dunƙule kuɗi da kwanaki da asara aka fitar da maki guda, to wanda ya dunƙule ɗin ya riga ya zaɓa wa kowa da ma'aunin kayansa. Ma'aunin mai kwantena zai cuci mai tumatir, na mai jari zai cuci mai bashi. Aikin ƙungiya shi ne ta share zaɓin banza ta bar na kirki a fili. Zaɓi na ƙarshe na mai kaya ne, domin shi ya san abin da ke cikin buhunsa da abin da ke cikin aljihunsa.

Don haka ɗan'uwa, in ka sake bugo mana waya, kada ka tsaya a "wace hanya ta fi?" Ka gaya mana me ka ɗauko, kwana nawa zai jure, kuma yaushe mai bashi ke jiranka. Daga nan ne magana za ta yi amfani. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa albarka a nema. Amin.